Bawale da kwamfutar da ta ƙi magana

A Tungar Maƙera akwai wani mutum ana kiran sa Bawale, wanda duk abin da aka ce ya yi, haka zai yi shi, ba ragi ba ƙari. Yana zaune da tsohuwarsa Iya Tabawa da matarsa Delu, abincinsu kuwa daga zauren gidan yake fitowa, inda yake nuna wa mutane ƙwallo da wata tsohuwar kwamfuta. Akwai sifika, akwai kuma makirfon da yake shela da shi, wanda ya taɓa faɗawa kwanon kunu ya goge da bakin riga ya mayar.

Wata rana kwamfutar ta cije. Da an kunna sai ta zo layin da take loda direban sauti, wato manhajar da ke haɗa ta da sifika, ta tsaya cak. Ga wasan ƙarshe ranar kasuwa, 'yan kallo kuma sun rantse in ba a gyara ba za su koma sabon gidan kallon Jatau. Bawale ya buga wa Furera, 'yar yayarsa mai karatun kwamfuta a birni. Ta ce, "Kawu, wani lokaci jinkiri ne kawai. Kada ka taɓa komai, zauna ka sa mata ido." Ya zauna ya naɗe hannu. Delu ta kawo tuwo ya ƙi taɓawa, sai da ta riƙa ba shi a baki. Akuya ta shigo ta cinye rabin labule, shi kuwa idonsa na kan kwamfuta.

Wata rana kuma Furera ta ce ya kashe ya kunna, in ba ta tashi ba ya sake. Bawale ya yi ta sakewa tun hantsi har man janareta ya ƙare. Ya kira ta ya ce kashewar dai ta samu, saura kunnawa.

Wata rana ta ce ya gwada sifikar a wani wuri, ko ita ce mai laifin. Ya zare ta ya saɓa a kafaɗa. Ya ajiye ta a bakin rijiya ya kara kunne, shiru. Ya kai ta mahauta, shiru. Har ƙofar Jatau ya je ya gwada, Jatau ya ba shi kujera ya ce ya saurara a tsanake, kada ya yi wa baiwar Allah gaggawa.

Wata rana, ranar kasuwar ke nan, Furera ta ce dabara ɗaya ta rage: ya riƙa cire abubuwa ɗaya bayan ɗaya, duk wanda ya cire ya kunna ya gani. Bawale ya fitar da benci zuwa gindin darbejiya, ya dawo ya kunna, tana nan a cije. Haka ya bi sauran bencina da guntun labule da randa. Ya ɗauki Iya Tabawa da tabarmarta tana zagin sa, ya dire a waje. Delu ta ce ita da ƙafarta za ta fita. Da zaure ya zama fayau sai ya hangi wayar makirfo a bayan kwamfuta, ya tsige ya kunna. Layin nan ya wuce, sifika ta kwarara kiɗan da sai da kaji suka watse.

Furera ta ce lallai makirfon ne, direban yake ta jiran amsarsa shi kuwa kunu ya kashe shi. "Kawu, abin da ka cire kada ka kuskura ka mayar."

Bai mayar da komai ba. Ya jawo teburin kwamfuta bakin ƙofa, ya juya fuskar kwamfuta waje. Zauren da ma cunkoso ne da zafi, gindin darbejiya kuwa ga iska ga fili. 'Yan kasuwa suka ji ƙara suka taru, na gidan Jatau suka biyo su, ƙarshe shi ma Jatau ya zo ya raɓe a bayan randa.

Da aka tashi daga kallon wasa, Delu ta nufi zaure za ta wuce cikin gida, Bawale ya tare ƙofa ya ce ita da Iya duk cikin abin da aka cire suke. Sai da aka sake bugawa birni. Furera ta gama dariyarta ta ce a mayar da su, amma ɗaya bayan ɗaya.

Ya shigar da Iya, ya kunna, sauti lafiya lau. Ya dubi Delu ya ce, "Shigo a hankali. In ta cije, ke ce."