Yadda Ake Ɓoye Ƙunar Dutsen Guga a Teburin Amarya

Idan ka ɗora dutsen guga a kan teburin da matarka ta zo da shi cikin kayan ɗakinta, ka fita amsa waya, ka dawo ka tarar da hoton dutsen ya zauna daram a katako, kwantar da hankalinka. Bi matakan nan, ina ba ka tabbacin babu mai ganin ƙunar. An gwada su a Damba, cikin Gusau, a gidan wani malamin firamare mai suna Lukuman, wata huɗu da aurensa. Matarsa Bara'atu ta tafi suna Tsafe, za ta dawo ran Juma'a tare da gwaggonta, wadda ta jagoranci jeren ɗakin.

1. Kada ka faɗa

Gaskiya abu ne mai kyau, amma ba ta goge ƙuna. Idan ta kira ta tambayi gida, ka ce lafiya lau. Gida ta tambaya.

2. Kankare

Sayi samfefa, takardar nan mai kaushi ta kafintoci, ka goge wurin. Za ka lura ƙunar tana nan, sai dai yanzu ta samu farin fili kewaye da ita. Lukuman ya ci gaba har ya kankare saman teburin gaba ɗaya. Daga nan babu komawa, kuma hakan yana taimaka wa mai raunin zuciya.

3. Yanka kwalin zane

Masu rubuta allon talla suna kiransa sitensil: kwali ne da ake huda siffa a jikinsa, a ɗora, a shafa fenti, siffar ta fito. Nemi kwalin taliya da sabuwar reza. Zana fure. Idan ya fito kamar tafin agwagwa, ka huda guda takwas, maimaici yana mai da kuskure ado. A tsakiya, daidai kan ƙunar, ka yanka sunan matarka da manyan haruffa. Ba a taɓa jin macen da ta kankare sunanta don ta ga abin da ke ƙasa ba.

4. Haɗa launi da kanka

Je wurin masu fentin mota ka roƙi ragowar gwangwani: ja, rawaya, shuɗi. Ja da rawaya suna ba da ruwan goro, shuɗi da rawaya suna ba da kore. Kada ka haɗa ukun. Za ka haɗa. Abin da zai fito shi ne launin miyar kuka ta jiya, kuma da shi za ka yi aiki. Lukuman ya gaya wa mai fentin cewa launin da ake yayi ke nan a Abuja.

"To, Allah ya kyauta ma Abuja," in ji mai fentin.

5. Dangwala, kada ka ja

Manne kwalin da salatif. Yagi soson tsohuwar katifa, ka riƙa dangwalawa a hankali. Buroshi yana tura fenti ƙarƙashin kwali, sai harafi ya yi gemu. Ɗaga kwalin sau ɗaya. Bar shi kwana biyu ya bushe, ka kori kaji.

6. Tarbi baƙi

Tsuguna, sunkuyar da kai, bar aikin ya yi magana. Bara'atu ta shigo ta ga sunanta, ta dafe ƙirji. Lukuman ya ɗauka daɗi ne. Gwaggo ta zagaya teburin sau biyu, ta sa farce ta gwada harafin farko.

"Malam Lukuman, mi aka yi ma teburin ga?"

"Kwalliya ce, Gwaggo. Don in faranta mata."

"Madalla. Fentin yana fita?"

"Na mota ne, Gwaggo. Ko ruwan sama bai taɓa shi."

Gwaggo ta zauna a bakin gado, ta dubi Bara'atu. Bara'atu ta dubi silin.

7. Saurari abin da ba a gaya maka ba

A nan Lukuman ya ji cewa teburin na aro ne. Ranar jere an ga tsakar ɗakin ta yi fili, dangin ango kuma suna hanya, sai Gwaggo ta aiko aka ɗauko na aminiyarta, Hajiya Balkisu ta Bungudu, da alkawarin mayarwa idan ido ya ɗauke. Karɓar teburin ne ya kawo Gwaggo yau. Mai keke napep yana ƙofar gida yana jira.

Kada ka yi murna, kada ka yi fushi. Gwaggo ba za ta kai ƙararka ba, don sai ta faɗa wa duniya jeren da aro aka cika shi. Kai ma ba ka da bakin gori, ka san dalili.

"Kai za ka kai mata," in ji Gwaggo. "Ka karanta mata sunan da kanka, idonta bai gani sosai."

Sanarwa

Marubucin wannan shafi ba shi da hannu a abin da zai faru tsakaninka da surukanka, ko da wata Hajiya a Bungudu, ko da kafintan da za a tura ka wurinsa daga can. Fenti aka koya maka. Binciken mai tebur aikinka ne, kuma kafin mataki na uku ake yin sa.