Sabuwar Duniyar da Na Kai Aji

Ba zan taɓa mantawa ba da wata Talata a Yendi, lokacin ina ɗalibin malanta, an turo ni daga garinmu Salaga in yi koyarwar gwaji. Ranar ce mai duba mu daga kwaleji, Madam Memuna, za ta zauna a bayan aji ta ga ko na cancanci riƙe alli. Idan ta ce ban iya ba, sai in maimaita shekara. Kowa tsoronta yake ji, ba don tana faɗa ba, sai don ba ta taɓa barin magana ta wuce ba tare da ta ce, "A ina ka samo?" ba.

Darasin da aka ba ni shi ne ƙaruwar yawan jama'a. Gaskiya ba na bukatar littafi, domin ajin kansa hujja ne: yara uku-uku a bencin mutum biyu, wasu kan taga. Amma ni ina son in burge. Na shirya in rufe darasin da tambayar ko akwai wata duniya a sama da mutane za su koma idan wannan ta cika.

Kuskurena na farko shi ne gaya wa Fuseini. Ɗan kawuna ne, taubashina, yana fataucin albasa a Bawku, kuma tun muna yara sana'arsa ta biyu ita ce sa ni kunya. Kwana biyu kafin Talatar sai ga hoto ya turo mini ta waya. Wani ƙwallo ne ruwan zinariya a cikin baƙin duhu, da jajayen kwaruruka, da wani fari-fari a samansa. Ya rubuta: "Cale, abokina, sabuwar duniyar da Turawa suka gano ke nan. Har ruwa akwai."

Ban tambaye shi komai ba. (Mai albasa fa, ya turo mini ilimin taurari, ni kuma mai shirin zama malami na ce na gode.) Na je aka buga mini hoton a babbar takarda, mai launi, na naɗe shi kamar takardar fili.

Darasi ya fara lafiya lau. Na ce mutanen duniya sun haura biliyan takwas, yara suka ce "Kai!" Na tambayi mutum nawa ke kwana a ɗakinsu, aka yi ta dariya. Madam tana rubutu tana gyaɗa kai. Sai na ji kaina ya kumbura, na warware takarda na manna a allo.

"Ku duba da kyau," na ce. "Nan ne jikokinku za su je su yi gona."

Na ɗauki sanda ina nunawa. Jajayen wuraren nan, na ce, hamada ce. Ramukan nan tafkuna ne. Farin nan na sama kuwa ƙanƙara ce, kuma inda akwai ƙanƙara akwai ruwa, inda akwai ruwa akwai rai. Wallahi har murya na sauya, irin ta masu karanta labarai a rediyo.

Wata yarinya a benci na biyu, Ramatu, ta ɗaga hannu.

"Sa," in ji ta, wato Malam, "wannan abu ya yi kama da masa."

Aji ya fashe da dariya. Ni kuma na murtuke fuska, na ce ana maganar ilimi tana maganar ciki, ta tashi ta tsaya a bayan aji. Ta tashi ba musu, ta je ta tsaya kusa da kujerar Madam, idonta ya kawo ruwa.

Madam ta ajiye biro. Ta taso a hankali, ta gyara tabarau, ta daɗe tana kallon hoton. Sannan ta yi ƙasa da murya yadda ni kaɗai zan ji.

"Ɗana, yana cikin wayarka? Buɗe ka faɗaɗa mini gefen hagu."

Na faɗaɗa. A can bakin duhun, inda takarda ta yanke, ga farcen babban yatsa. Na san farcen, na Fuseini ne. Ƙanƙarar tawa kuwa, da ta girma a fuskar waya, sai ga ta ƙwaya-ƙwaya. Sukari ne. Masa ce guda ɗaya a kan baƙin faranti, an barbaɗa mata sukari, kuma na kwashe minti goma ina raba wa jikokin mutane gonaki a kanta.

Na so ƙasa ta tsage. Na jira Madam ta yanka ni a gaban yara, domin na cancanta. Sai ta juya ta ce, "Ramatu, yaya aka yi kika gane?"

"Madam, Mma na tana soyawa. Gefen da ya taɓa tanda haka yake ƙonewa."

"Madalla. Kin duba, kin gwada da abin da kika sani, kin faɗa ko da an yi miki dariya. Aikin masu binciken taurari ke nan. Koma ki zauna."

Daga nan ta roƙi izinina (izinina, ni!) ta karɓi aji. Ta sa aka rufe tagogi, ta kunna tocilar wayarta, ta ciro ƙwayar gyaɗa daga jaka ta gitta da ita ta gaban hasken. Ta ce an gano dubban duniyoyi masu kewaya wasu taurari, amma mafi yawansu ba a taɓa ganin fuskarsu ba. Hasken tauraro ne kawai yake ɗan dusashewa idan sun gitta, kamar yadda suka gani yanzu. Ta ce wasunsu ba su yi kusa da taurarinsu har su ƙone ba, ba su kuma yi nisa har su daskare ba, don haka mai yiwuwa ne a sami mai ruwa. Amma ko haske, da ba abin da ya fi shi gudu, sai ya yi fiye da shekara huɗu kafin ya iso mana daga tauraro mafi kusa, in ka cire rana.

Wani ya ce, "To Madam, ina za mu je idan nan ya cika?"

"Kafin mu je ko'ina, sai an fara ƙaro muku benci," in ji ta. "Wannan shi ne darasin malaminku, kuma ya fara shi da kyau."

Ban taɓa ganin an ɗauke wa mutum kunya da hannu biyu haka ba. Bayan an tashi ta ce za ta dawo mako mai zuwa ta sake duba ni, bisa sharaɗin in ba Ramatu haƙuri a gaban ajin da na tsayar da ita. Na bayar. Na kuma ci gwajin. Fuseini kuwa da na kira shi, dariya ta hana shi magana, sai dai na ji yana kiran mutanen rumfarsa su zo su ji.

Ga wanda bai san Gana ba, a nan kowane namiji ana iya ce masa "masa", wato maigida. Shekara nawa yanzu, duk sanda wani ya ce mini "Masa, ina kwana?" a Yendi, sai na ƙura wa bakinsa ido in ga ko yana murmushi.

Abin da na koya bai da yawa. Duk abin da ya shigo maka ta waya, ka shinshina shi kafin ka kai gaban jama'a, musamman in daga taubashi ya fito.