Ranar da tsutsar ƙasan teku ta ƙaryata ni

Ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin da na tsaya gaban iyayen yara, lasifika a hannu, na ƙaryata kaina da bakina ba.

Ni malamin kimiyya ne a wata ƙaramar sakandare da ke unguwar Moshi Zongo. Shekara da shekaru ina koya wa yara cewa duk mai rai daga rana yake ci: rana ta ciyar da ciyawa, ciyawa ta ciyar da akuya, akuya ta ciyar da mu. A wata jarrabawa na tambaya ko akwai rayuwa inda babu hasken rana. Kowa ya rubuta babu, sai Rahinatu 'yar aji biyu. Ita ta cika rabin shafi, wai a can ƙasan teku akwai dutse mai aman wuta, ruwan zafi na fita daga jikinsa, ga halittu a gefensa da ba su taɓa ganin rana ba.

Na zabga mata sifili. Hakan bai ishe ni ba, sai da na karanta amsar a gaban aji. Na ce, "Ruwan zafin da muke figar zabo da shi? A nan kifinki yake hutawa?" Aji ya kwashe da dariya. Ta ce a hankali, "Masta, anti na ne ya faɗa mini." Na ce ta gaishe min da antin. (Ni mai wannan ɗagawar, sau ɗaya na taɓa ganin teku, kuma ko takalmi ban cire ba.) Sifilin nan ya raba ta da zama ta ɗaya a aji.

Bayan sati biyu aka yi taron iyaye da malamai. Shugabar makaranta, Madam Fuseina, ta ce wata tsohuwar ɗalibarmu da ke aiki a jirgin ruwan bincike ta aiko da bidiyo, za a haska wa iyaye. Bayanin da Turanci yake, iyayen kuwa yawanci 'yan kasuwa ne, don haka ni zan fassara. Ta ce in fara kallonsa tukuna. Na ce ba sai na kalla ba, ai teku ruwa ne da kifi.

Aka haska a bangon aji. Wata na'ura mai fitila ta yi ta sauka cikin ruwa, shuɗin ya koma baƙi ƙirin, tana ta sauka har na fara tunanin abin ya lalace. Sai ga wasu dogayen duwatsu tsaye kamar suri, baƙin hayaƙi na turnuƙowa daga bakinsu, a cikin ruwa! Mai bayani ya ce ba hayaƙi ba ne, ruwa ne da ya fi tafasasshe zafi nesa ba kusa ba, nauyin tekun da ke samansa ya hana shi tafasa. Na fassara.

Fitila ta juya. Jama'a, gona guda ta fararen bututai, wasu sun fi mutum tsawo, kowanne da jan kai yana lilo a hankali. Tsutsotsi ne. Fararen ƙaguwoyi na yawo a tsakaninsu hankali kwance. Tsigar jikina ta tashi. Na manta da aikina, na manta lasifika na bakina, sai "Subhanallah, Subhanallah" nake yi har ana ji a bakin titi. Wata tsohuwa ta ce, "Masta, wannan mun sani. Mene ne mutumin ya ce?"

Abin da ya ce shi ne tsutsar ba ta da baki, ba ta da ciki. Wasu ƙwayoyin halitta da ke jikinta ne ke haɗa mata abinci daga abin da ruwan zafin ke fitarwa. Sannan ya ƙara, a fili, cewa abincin wurin nan ba daga rana yake ba.

Wallahi zuciya ta raya min in tsallake jimlar, tunda iyayen ba za su gane ba. Sai na ɗaga kai na ga ɗalibai cike da tagogi, Rahinatu a tsakiyarsu, ta zuba min ido. Na faɗa da Hausa, kalma bayan kalma, kusan yadda ta rubuta.

Babanta, Alhaji Seidu mai sayar da doya, yana layin gaba. Ya miƙe, ya gyara hula.

"Masta, tsaya kaɗan. Wannan magana, ba shi ne yarinya na ya rubuta ka ba shi ziro ba?"

Na ce, "Shi ne, Alhaji."

"Yawwa. Wanda ya aiko bidiyon ƙanwa na ne. Ya ce yana amsa gaisuwa."

Wuri ya ɗauka da dariya, har da Madam. Gumi ya jiƙa min riga, kunya ta rufe ni, amma abin mamaki idona bai bar bango ba. Tsutsotsin nan na ta lilonsu a cikin duhu, babu ruwansu da abin da ke cikin littafina. Da bidiyo ya ƙare, ni ne na roƙi a sake sa shi.

Ranar Litinin na ba Rahinatu haƙuri a gaban ajin da na sa ya yi mata dariya, na gyara mata maki, ta koma ta ɗaya. Ta ce, "Ba komai, Masta," ta fi ni dattako.

Yanzu in yaro ya rubuta abin da ban taɓa ji ba, ba na saurin kashewa. Gefe nake kiransa, in tambaye shi wa ya faɗa masa, sannan in tambayi aikin da mutumin yake yi.