Mai Maganin da Ya Zaɓi Takobi

A fadarmu ta shan shayi a unguwar Lazaret muna buga wasan yaƙi a salula, kowa da aikinsa. Ni aka ba aikin mai magani. Ni, magidanci da gemuna, in riƙa bin mutane da kwalba? A ɓoye na zuba duk makin da nake samu a takobi maimakon magani.

Bayan watanni muna wahala, muka isa gaban babban dodon wasan. Isufu tela ya yi ihu: "Yaya, warkar da ni!" Ba ni da magani, sai na sari iska. Ɗaya bayan ɗaya suka mutu.

Ba wanda ya zage ni, cire ni kawai suka yi. Yanzu ni ke dafa shayi suna wasa. Ko tari wani ya yi, sai a ce, "Yi shiru, kar Likita ya ji ya ɗauko takobi."