Rasuwar Ɗan Ingila, Akwatin Inna Talatu

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kuma wani abu da ya fi baƙin ciki zafi, ni Zuwairatu Armaya'u, 'yar Runka mazauniyar Batsari, nake sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar akwatin gidanmu, wanda aka fi sani da Ɗan Ingila. Ya rasu yana da shekara tamanin da wani abu a hannunmu, ban da waɗanda ya yi a ƙasarsu. Ba tsufa ne ya kashe shi ba. Wanda ya kashe shi yana nan da ransa, ƙanena ne uwa ɗaya uba ɗaya, sunansa Sagiru, kuma jiya ma an gan shi yana cin tsire a bakin tasha.

Marigayin ya shigo zuriyarmu ta hannun kakana Malam Sammani, wanda ya yi aikin awon gyaɗa a kantin wani Bature a Katsina. Da Baturen zai koma gida ya ga akwatin ya yi masa nauyi, sai ya bar wa kakana. A kan jaki aka kawo shi Runka. Kakata ta riƙe shi, ranar auren mahaifiyata Inna Talatu aka jera mata shi a ɗaki, ranar nawa auren aka jera mini. Saura mako uku a yi jeren 'yata Jannat, kuma tun tana rarrafe ta san wurinsa a ɗakinta: gefen gado, hannun dama.

Duk wanda ya san marigayin zai yi masa shaidar alheri. Baƙin katako ne mai sheƙi, kusurwoyinsa huɗu sanye da tagulla, da mariƙi biyu da kuba. Ƙarti biyu ke ɗaga shi, su ma da nishi. Bai taɓa tona asirin kowa ba. Ya riƙe zanen saƙi na kakata, da takardar gonarmu, da hoton Inna guda ɗaya tak da aka taɓa ɗauka. Ba shi da yawan magana. Idan aka murɗa makulli ya ce ƙaras, idan aka ɗaga murfi ya ce ƙiii, idan aka rufe ya ce tim, ko'ina a gidan a san an gama.

Amma babbar amanar da ya riƙe ba a ganin ta da ido. Shekara arba'in Inna tana ajiye turaren wutarta a cikinsa, har katakon ya sha. Shekara tara ke nan da rasuwarta, amma duk ranar da kewarta ta taso mini, sai in buɗe shi in sunkuyar da kaina ciki, in ji kamar yanzu ta fita daga ɗakin. Ban taɓa faɗa wa kowa wannan ba sai yau.

Mu kuma ba mu ci amanarsa ba. Tun zamanin kakata bai taɓa taɓa ƙasa ba. A kan duwatsu huɗu yake zama, a zagaye su da toka saboda gara, duk Juma'a a goge shi da tsumma da ɗan man kaɗanya. Sagiru ya tashi yana ganin haka. Shi ake aika ya ɗebo tokar ma.

Ga yadda jinyar ta fara. Bara kafin faɗuwar damina, da zama ya gagara a wajenmu saboda mutanen daji, muka yanke shawarar komawa Batsari. Ni da yara muka riga tafiya a kan babura, marigayin kuwa ba kayan babur ba ne. Sagiru aka bari ya loda kaya a a-kori-kura washegari. Na riƙe hannunsa a ƙofar gida na ce ko tukunya za a bari a bari, ko katifa, amma akwatin Inna ya fara shiga mota. Ya ce in ɗauka ya riga ya iso.

Washegari da azahar mota ta iso. Na leƙa na ga talabijin, na ga janareta, na ga bencina goma sha biyu na gidan kallon ƙwallonsa an ɗaure su da igiya kamar amare. Katakon banza, wanda ko kafintan da ya buga su ba ya son a ce aikinsa ne. Na tambayi akwati.

"Yaya, kwantar da hankalinki," in ji shi. "Na adana shi inda ko aljani ba zai gan shi ba."

Wata bakwai ina tambaya, wata bakwai yana ce mini sirri ne, bango ma yana da kunne a zamanin nan. Makulli yana ɗaure a bakin zanena. Damina ta zo ta wuce. Shi kuwa ya buɗe gidan kallonsa a Batsari, har ya yi ƙiba.

Ranar Talatar da ta wuce, da hanya ta ɗan lafa, na ce ko ya kai ni ko in tara masa dangi. Muka tafi da hantsi, ni da shi da Jannat. Ya wuce ɗakina, ya wuce rumbu, ya zagaya bayan gida da fartanya a kafaɗa, ya tsaya a gindin wani suri da ya fi ni tsawo. Suri, jama'a. Gidan gara. Ya fara haƙa yana murmushi irin na wanda yake jiran a sa masa albarka. Na ce masa ina fata ba abin da nake zato ba ne.

"Ai don kar in mance wurin ne, Yaya. Suri ba ya tashi. Kuma sai da na naɗe shi da tabarma."

Wato ya kai musu tuwo, ya haɗa musu da miya. Ɗan manomi, jikan manomi, wanda gara ta taɓa cinye masa takalmi a gona.

Da aka kai gare shi, marigayin yana kwance kamar lafiyarsa ƙalau, don gara ba ta taɓa fatar waje. Har zuciyata ta fara sanyi. Na durƙusa na sa makulli na murɗa. Ya ce ƙaras, sau ɗaya, a hankali. Ita ce maganarsa ta ƙarshe. Na kama murfin zan ɗaga, sai ya ruguje a hannuna kamar busasshen ƙosai. Ciki babu zane, babu takarda, babu hoto, sai jar laka da gara tana kai da komowa. Na sunkuyar da kaina ciki duk da haka. Warin ƙasa na ji. Jannat ta juya baya tana share ido da mayafi, shi kuwa gogan cewa ya yi ikon Allah ne, kuma akwai akwatunan zamani masu taya a kasuwar Batsari.

Na yarda kowane abu da wa'adinsa. Amma wa'adin nan da fartanya aka haƙa shi, kuma na san mai fartanyar.

Marigayin ya rasu ya bar kusurwoyin tagulla huɗu, da mariƙi biyu, da kuba, da makulli wanda yanzu ba shi da abin buɗewa. Ya bar duwatsu huɗu a Runka suna zaune a banza. Ya bar wani ɓallin murfi da bai fi tafin hannu ba, wanda idan na matsa shi sosai a hanci nakan ji Inna kaɗan, kuma kullum raguwa take yi. Shi na ƙulle a ƙyalle zan ba Jannat. Gefen gadonta na dama za a share a bar shi fili. Duk matar da ta zo ganin ɗaki ta tambaya, na umarci ƙawayen amarya su ba ta labarin da cikakken sunan mai laifi.

Masu zuwa suna ce mini in yi haƙuri, jini ɗaya ne, na gode, na ji. Zan yafe masa, amma ba bana ba.

Ga tsarin jana'iza. Ba za a yi salla ba, malamin unguwarmu ya riga ya tuna mini katako ne. Ba kuma za a binne shi ba, an yi masa wannan tun yana da rai. Ranar Alhamis Sagiru zai koma Runka da fartanyar nan tasa, ya rushe surin da hannunsa har ya ciro uwar garar, ya kawo mini ita a kwano. Zakarana ne zai yi mata hukunci a tsakar gida, a gaban jama'a. Ranar sadakar bakwai za a yanka zakaran. Sagiru ne zai fige, kuma ba ya cikin masu ci.

Za a yi zaman makoki a gidana da ke Batsari ranar Asabar daga la'asar, daidai lokacin da na ji an ce za a buga babban wasa. Masu ta'aziyya kada su damu da tabarma, na sa an kwaso bencina goma sha biyu daga gidan kallo, kuma bencinan za su zauna a wurina har arba'in.

Bayan arba'in ma kada Sagiru ya damu, ni zan adana masa su. Na riga na ga wuri a bayan gari, dogo ne, ja, ba ya tashi, kuma ba zan mance shi ba.