Hajiya Mai Ido Ɗaya Ta Riga Mu

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da gwiwar hagu mai cike da kumburi, Malam Falalu mai hoto na Nima yake sanar da 'yan'uwa da abokan arziki, da duk wanda ya taɓa zama a bencin shagonsa ya riƙe numfashi, cewa kyamararsa, wadda unguwa ta sani da Hajiya Mai Ido Ɗaya, ta riga mu gidan gaskiya. Rai ya yi halinsa ranar Talatar da ta wuce da hantsi, a tsakar gidan Alhaji Mahama, bayan gajeriyar tafiya daga saman kwano zuwa kan dutsen niƙa. Ba ta sha wahala ba. Mai ita ne yake sha har yanzu, shi ya sa ya wakilta mu maƙwabta mu rubuta wannan sanarwa.

Marigayiya ba 'yar ƙasar nan ba ce. Alhaji Mahama, kawun Falalu, shi ya sayo ta a Jidda shekarar da ya sauke farali, ya naɗe ta cikin tawul ya kawo ta Accra. Da yake tare ta shigo da dabino da zamzam, sai matan gida suka sa mata Hajiya, sunan kuma ya bi ta har kabari. Alhaji ya juya ta gaba, ya juya ta baya, ya ga ba ta da fiffike, shi kuwa duk duniya ba abin da ke gabansa sai tattabarunsa. Sai ya miƙa wa ɗan ƙanwarsa, ya ce ya je ya nemi abinci da ita.

Mun shaida marigayiya mai gaskiya ce. Ba ta taɓa ƙara wa mutum kyan da ba shi da shi ba, abin da ya sa wasu amare suka riƙe ta a zuciya har yau. Mai haƙuri ce kuma. Lokacin da samarin Nima da Maamobi suka yi ta kwarara Agege ta Legas neman arziki, ita ta ɗauki hoton fasfonsu, kowa cikin kwat ɗin aro guda da ke rataye a ƙusar shago. Da aka koro su ita ta sake ɗaukarsu, ta ga kwat ɗin ya yi musu yawa, ba ta ce komai ba. Dama ba mai yawan magana ba ce. In an danna ta ce "ƙyas", in an ja fim ta ce "kirrr", iyakar abin da muka taɓa ji daga bakinta ke nan.

Shi kuwa Falalu, sana'arsa tsayar da mutane ce, kuma ya iya. "Ɗaga haɓa. Kar ka motsa. Ɗaya, biyu..." Da wannan ya tsayar da jarirai masu kuka, ya tsayar da 'yan dambe, ya tsayar da tsohuwar da ke tsoron a kwashe mata kurwa. A ganinsa hoto mai kyau shi ne wanda za ka iya ƙirga gashin gira a ciki. Duk wanda ya fito da dishi-dishi, ko kaɗan ne, abin kunya ne, ba ya barin sa ya fita shago da sunansa.

Jarrabawa ta zo musu shi da Hajiya ne lokacin da ɓarin jikin Alhaji Mahama ya shanye. Mutum ne mai ji da kansa, wanda in ya fito da babbar riga sai layi ya ba shi hanya. Da ya ga bakinsa ya karkace, hannu ya ƙi ɗaguwa, sai ya shige ƙuryar ɗakinsa ya ce ba wanda zai ƙara ganinsa a tsakar gida. An roƙa, liman ya zo, abokai sun zo, ya ƙi. Tagar ɗakin kuwa bangon maƙwabta take kallo. Kullum da safe in an buɗe wa tattabaru, sai dai ya ji ƙarar fikafikansu a saman rufi, ya bi da kunne har ta ɓace.

Wata rana ya aika a kira masa Falalu.

"Ka kama min su a sama," in ji shi. "Ba a kan kwano ba, ba suna cin dawa ba. A sama. In gan shi kafin in tafi."

"Kawu, wannan ai ƙaramin aiki ne. Gobe in Allah Ya kai mu."

Goben nan ta ɗauki shekaru, mu ne shaidu.

Ranar farko ya hau rufi da farar rigarsa ta aiki, ya kafa Hajiya a kan ƙafafunta uku kamar yadda yake yi a shago. Matarsa Hamsatu ta buɗe ɗakin tattabaru. Mu da ke ƙasa mun ji da kunnenmu ya ɗaga hannu ya ce musu kar su motsa, ya soma ƙirga. Kafin ya kai biyu suna kan hanyar unguwar Kawukudi. Da ya wanke fim ɗin ya samu sararin sama, da wayar lantarki, da sararin sama kuma, da wani abu a gefe wanda shi ya ce jela ce, Hamsatu ta ce datti ne.

Wani zai haƙura daga nan. Falalu bai haƙura ba, don ya yi wa kawunsa alkawari, kuma kullum ya shiga gaisuwa yana ganin tsohon yana ƙara shigewa cikin katifa. Ya ajiye ƙafafu ukun, ya ɗauki Hajiya a hannu. A shekarun da fim ya yi wuya a gari kamar sukari da sabulu, sai ya koma gwaji da cikinta wayam. Ya je bayan mahauta inda shirwa ke shawagi, ya tsaya yana bin su da ido ɗaya, yana danna wa iska. Mahauta suka ɗauka wani abu ya taɓa shi, suka riƙa gaishe shi a hankali.

A haka ya koyi abin da ba wanda ya gaya masa. Ya gane ƙafa kafewa take yi, ƙugu ne ke juyawa. Ya daina rufe ɗayan idon, don da shi ake ganin tsuntsun da bai iso ba tukuna. Ya lura tattabara takan ɗan duƙa kafin ta tashi, kuma fuskantar iskar teku take yi, ba ta ba ta baya. Ya lura garken Kawu hanya ɗaya yake kewaya gida, in ya zo daidai sandar eriyar talabijin ɗin maƙwabta sai ya sassauta ya karya kwana. Sai ya riƙa murza zoben gilashi ya saita kan sandar tun kafin a buɗe musu, ya sa rana a bayansa, ya ƙara wa Hajiya saurin ƙiftawa har iyakar ƙarfinta. Abin da ya fi ba shi wuya shi ne dannawa kafin tsuntsu ya iso inda ake so, da ci gaba da juyawa bayan an danna. Mutumin da ya yi rabin rayuwarsa yana daskarewa in ya danna, wannan sai da ya sake haihuwar hannunsa.

Hotuna suka soma nuna tsuntsaye, amma duk da dishi-dishi: farin shafe a saman kwano, fiffike kamar an goga alli da hannu. Ko ɗaya bai yarda ya kai wa Kawu ba. Yakan watsa su cikin kwali a bayan ƙofa, Hamsatu kuwa, da ba ta son asara, ta mayar da su marfin kofi. Da su take rufe kokon da take kai wa tsohon da safe saboda ƙuda. In Falalu ya shiga gaisuwa, Kawu ya ce, "Yaya tsuntsu?" shi kuma ya ce, "An kusa, Kawu," ya fito yana jin kamar ya yi sata.

Ita ma marigayiya shekaru ba su bar ta ba. Danshin teku ya saka mata yana a gefen ido. Da damina takan ce "ƙya" ta yi shiru, sai an ɗan bubbuga ta sannan ta ƙarasa "s" ɗin. Igiyar wuyanta ta fata ta tsattsage, Hamsatu ta sha faɗa a canza, Falalu ya ce igiyar da ta zo daga Jidda ba a raba ta da mai ita.

Ranar da abin zai faru an kwana ana ruwa, gari ya waye tas, haske irin wanda mai hoto ke roƙo. A makon nan Kawu ya daina cinye kokonsa, Falalu kuma ya san me hakan ke nufi. Ya hau kwanon da bai bushe ba. Aka buɗe, garke ya tashi, farar tattabarar da Kawu ya fi so tana gaba. Ya bi ta, ya danna kafin ta iso sandar, Hajiya ta ce "ƙyas" da cikakkiyar murya irin ta ƙuruciya. Sannan ya ci gaba da juyawa, kamar yadda shekarun gwaji suka koya masa. Ƙugu ya juya, ƙafa ta ƙi kafewa. Ya kai hannu biyu ya rungumi bakin rufi, gwiwa ta daki katako, igiyar Jidda ta tsinke, Hajiya ta sauka kan dutsen niƙa. Kalmarta ta ƙarshe ba irin wadda muka saba ji ba ce, kuma ba za mu rubuta ta a nan ba.

An garzaya da ita Kawukudi wurin Braimah mai gyaran agogo. Ya kara ta a kunne, ya girgiza, wani abu ya yi kacau-kacau a ciki. Ya ajiye ta a hankali ya ce, "Falalu, ka yi haƙuri. Wannan ya tafi kuraa, ba dawowa."

Sai dai marigayiya ta cika da amana, don bayanta bai buɗe ba, haske bai taɓa fim ba. Da Falalu ya wanke shi, ga farar tattabara a tsakiyar sama, fikafikai a buɗe, kowane gashi a wurinsa, har jan zoben idonta ana gani. Ya buga shi babba, ya ɗingisa zuwa ƙuryar ɗaki, ya durƙusa da gwiwa mai lafiyar, ya miƙa da hannu biyu.

Alhaji Mahama ya daɗe yana kallo.

"Wa ya kashe shi?"

"Kawu, da ranta. Tashi take yi."

"Tashi ina? Wannan ka ce shi ya tsaya ne, kamar masu fasfo naka. Ya yi kyau paa, amma bai tashi."

Sannan ya tura hannunsa mai aiki ƙarƙashin matashi, ya jawo wani hoto da ya yi laushi don taɓawa, da zoben bakin kofi a bayansa da tabon koko a gefe. Farin shafe ne a saman kwano, ɗaya daga cikin na bayan ƙofa.

"Ga wanda yana tashi. Tun shekara da shekaru Hamsatu ya kawo min shi kan koko. In sun buɗe da safe ina duba shi, ina jin fiffike, shi ke nan na fita."

"To Kawu, me ya sa kullum kake tambayata yaya tsuntsu?"

"In na ce na samu, kai za ka daina hawa sama. Ni kuma ƙafarka a kan kwano nake ji, in san akwai mutum tare da su."

Falalu bai yi kuka a kan dutsen niƙa ba, bai yi a shagon Braimah ba. A nan ya yi, mu kuma da ke bakin ƙofa muka ba shi wuri.

Marigayiya ta rasu ta bar mai ita, da jakarta ta fata, da ƙafafu uku da ta daɗe da yaye, da kwat ɗin aro, da kwali guda na marafan kofi waɗanda yanzu an hana Hamsatu taɓawa. Ta bar hoto ɗaya mai kyau wanda aka rasa mai so, an rataye shi a shago. Ta bar 'ya'ya a cikin fasfo da bangon ɗakuna daga Nima har Legas, ba a san adadinsu ba.

Game da jana'iza, an tuntuɓi liman, ya ce ba a yi wa ƙarfe salla, amma ba zai hana kowa shan koko ba. Saboda haka za a taru ranar Asabar da safe a tsakar gidan Alhaji Mahama. Za a naɗe ta cikin tawul ɗin da ta zo da shi, a sa ta cikin jakarta, a ajiye ta a saman ɗakin tattabaru, inda za ta ji tashinsu ba tare da an ƙara tambayarta komai ba. Akwai koko da ƙosai. Masu jiran hoton fasfo ana roƙonsu su bar maganar sai bayan bakwai.

Ana kuma neman ƙarti huɗu masu ƙarfi da kujera mai hannu. Alhaji Mahama ya ce shi ya ɗauko ta daga Jidda, ba zai yiwu a raka ta yana kwance a ɗaki ba, kowa ya ga bakin nasa in ya ga dama. Za a fito da shi tsakar gida, a juya kujerar ta fuskanci sandar eriya, sannan Hamsatu ta buɗe wa tattabaru.

Ba za a ɗauki hoto ba. Duk wanda ya zo, ya ɗaga kai.