Gawa a Bakin Gwaggo

A duk layinmu babu mai haƙora irin na Gwaggo Lu'ulu'u. Na san ta ciki da bai, don madubi ɗaya muke dubawa, ɗankwali ɗaya muke ɗaurawa. Tsohuwa ce, amma da baki take buɗe kwalba, ta tauna ƙashi ƙurus-ƙurus, sannan ta yi wa sa'o'inta masu giɓi murmushin tausayi.

Da haƙorinta na gaba ya fara zogi, sai ta danna masa kanumfari. Asibiti? "Wannan ai na ragwaye ne," in ji ta. Ana nan sai ciwon ya ɗauke ɗif. Shi ke nan, Gwaggo ta zama likita. Ta kafa kujera a ƙofar gida tana yi wa maƙwabta lacca: "Ni nan da kuke gani, ciwo tsorona yake ji."

Haƙorin kuwa ya dushe, ya koma ruwan toka. Ta ce laifin madubi ne. Ƙurji ya fito a dasashi, ta ce zafi ne. Masu sauraron lacca suka fara ja da baya suna toshe hanci da mayafi, ta ce kwarjini ne. Sai da leɓe ya kumbura suntum 'yarta ta tura ta mota.

Likitan haƙori ya ɗora auduga mai sanyin ƙanƙara a kan haƙorin. "Mama, kin ji wani abu?"

"Ko gezau, ɗana. Ba irin naku na zamani ba ne."

Ya taɓa na kusa da shi. Gwaggo ta zabura har takalmi ya fice.

"To, wannan shi ne mai rai," in ji likita. "Wancan jijiyarsa ta mutu, shi ya sa ya daina ciwo. Da kin zo da wuri, da an wanke cikinsa an cike, ya zauna. Yanzu ruɓa ta ci saiwar, sai cirewa."

"A cire? Mutane su ce me?"

'Yarta ta ce, "Umma, ai sun daɗe da faɗa."

Ashe gawa Gwaggo take yawo da ita a baki, tana wa'azin lafiya ta kanta. Yanzu an mayar da kujera ɗaki. Jiya maƙwabciya mai giɓi ta zo dubiya, ta ƙare mini kallo, ni Gwaggo da sabon giɓina, ta yi mini murmushin tausayi. Na gane shi sarai. Murmushina ne ta dawo mini da shi.